Baƙar Roba a Tambarin Motar Baba

Zuwa ga Baffa Mai Fenti,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar nan taka? Ina fata ka daina hawa tsani kana cewa wannan ne na ƙarshe. Da kunnenka yana jin waya da ban wahalar da kai da karatu ba, amma duk lokacin da na kira sai ka yi ta cewa "to, to, madalla" alhali ko kalma ɗaya ba ka ji ba. Shi ya sa na koma takarda.

Umma tana gaishe ka. An yi mata aikin idon dama, kuma an dace. Da aka cire bandeji ta ƙura mini ido ta ce, "Ke, ashe haka kika rame?" Shekara uku rabon da ta ga fuskata, abin da ta fara faɗi ke nan. Na hagu sai nan da sati uku, daga nan ta huta kaɗan ta dawo gida.

Ka san abin da take ta magana a kai? Motar Baba. Ka tuna bayan rasuwarsa ita ta zaɓa a cikin abin da ya bari, ta ce ba ta son komai sai ita. Tun daga wannan lokaci, da hannu kawai take shafa ta, don idon ya riga ya rufe. Yanzu cewa take ranar da ta sauka, kafin ta sha ruwa, sai ta ga motar yadda ya bar ta.

Direban da ke kawo maka saƙona ya ce ka yi masa ƙorafi cewa ruwa yana feso wa motar ta gefen rumfarka, har tsatsa ta fara kama ƙarfen wilin baya. Hankalina ya tashi. Sai wani abokin aikina a ɗakin gwajin jini ya nuna mini motarsa. Wata roba ce a gwangwani, ana fesa ta kamar fenti a kan wili da tambari, ta bushe ta zama riga. Ruwa ba ya ratsa ta. Ranar da ka gaji da ita sai ka sa farce ka ɓare ta kamar ɓawon ayaba, ƙarfen ya fito yadda yake. Da idona na ga ya ɓare.

Ga gwangwani takwas nan na ba direba, baƙa kaɗai na samu. Ka rufe wili huɗun da tambarin gaba, ana jibi Umma za ta iso sai ka ɓare. Rubutun jikin gwangwanin ƙanana ne kuma ba da yaren da kake karantawa ba, don haka ka jira wasiƙata ta gaba. Zan zaunar da abokin aikina ya faɗa mini yadda ake yi dalla-dalla.

Na san tsakaninka da Baba zumuncin kakanni ne, amma da Umma za ta taho wurina aikin ido muka rasa inda za mu ajiye motar, kai kaɗai ka ce a kawo. Ba mu manta ba.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Na karɓi takardarki da gwangwanayenki. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. Na yi murna ƙwarai da labarin idon Ummanki, Allah ya sa na hagu ma a dace. Ki gaya mata in ta dawo kada ta dube ni sosai, ni ma na lalace.

Amma Auta, ni za ki ce in jira wani mai ɗibar jini ya koya mini fenti? Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da burushi. Na fenta ƙofofi, na fenta tankunan ruwa, na fenta gadajen asibiti irin wanda kike aiki a ciki. Na jira kwana biyar don girmama ki, shiru. Rana kuma ta fito fes kwana biyu a jere, mai fenti ba ya wasa da irin wannan rana. Na gama aikin.

Bari ki ji yadda aka yi, ki kai wa malamin naki ya ƙaru. Na wanke wilin da sabulu da ruwan ɗumi, na bi kowane lungu da tsohon burushin haƙori. Da suka bushe na naɗe tayoyi da jarida da salatif, na cusa leda ta bayan wili don kada feshi ya taɓa birki. Bonet ma na rufe shi ruf, tambarin kaɗai na bari a buɗe. Sai na ɗauko sanfefa na goge kowane wili sosai har sheƙinsa ya mutu, don fenti ba ya kama abu mai sulɓi, wannan shi ne darasin farko da maigidana ya koya mini. Tambarin ne ya ba ni wahala. A gefensa na dama akwai wani tabo, farin ƙarfen ya cinye har ruwan ɗorawa ya fito, wurin ya ɗan lotsa, ga sulɓi kamar gilashi. Na ce wannan in aka bar shi nan fentin zai fara tashi. Na zauna a kansa kusan rabin awa har ya yi daidai da sauran. Ko marigayi bai taɓa ganin tambarin nan a daidaice haka ba.

Daga nan na girgiza gwangwani har hannuna ya gaji, na fesa hawa shida, ina ba kowane hawa lokaci ya sha iska. Gaskiya abin naki yana da kyau. Bai zuba ba, bai yi ƙuraje ba, ya kwanta lumui. Bakaniken layinmu ya zo ya tsaya yana kallo, ya taɓa ya ce, "Baba, wannan ai taya ce ka shafa wa wili." Na ce masa ya cire hannunsa mai baƙin mai.

Gwangwani biyu sun rage. Ki kwantar da hankalinki, ko ruwan sama na wata guda ba zai taɓa ƙarfen nan ba.

Baffanki,
Mai Fenti

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Kwana biyu ke nan da na aiko maka da gwangwanaye, ina fata sun iso lafiya. Umma tana samun sauƙi, yau har ta zura zare a allura tana yi mana dariya.

Na zaunar da abokin aikina, ga abin da ya ce. A wanke da sabulu, a bari ya bushe ƙarau. A rufe taya da birki. Feshin farko ya zama sama-sama, sauran su yi kauri, kada su gaza biyar, don in ya yi siriri ba ya ɓaruwa sai dai a yi ta tsintarsa da farce. A cire salatif tun feshin ƙarshe bai bushe ba.

Sai babban abu, wanda ya maimaita mini har sau uku da na ce masa kai tsohon mai fenti ne. Kada sanfefa ta taɓa ƙarfen. Ko soson ƙarfe, ko wuƙa, ko wani abu mai kaushi. Ya ce wannan robar ba kamawa ake so ta yi ba, rungumar ƙarfen kawai take yi, shi ya sa take sakinsa. Duk abin da aka yi wa ƙarfen kafin feshi, shi za a tarar ranar ɓarewa.

Ka yi a hankali da tambarin, Baffa. Ban sani ba ko ka lura da wani ɗan wuri a gefensa na dama da ya koma ruwan ɗorawa. Yatsan Baba ne. Shekara ashirin da bakwai, kullum da safe kafin ya shiga mota sai ya tsaya a gabanta ya murza wurin da babban yatsansa, ya yi bismillah, sannan ya buɗe ƙofa. Muna yara muna yi masa dariya. Da idon Umma ya rufe, in ta fito tsakar gida nan take sa yatsanta, ta ce wurin yana nan da ɗuminsa. Jiya ta ce mini, "Na san shi da hannu, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Lokacin da nake da ido ina da mai shi." Sai da na fita waje na share hawaye.

Zan ba direba wannan gobe in ya zo.

Auta

*

Baffa,

Ban ma san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, an yi na hagu jiya.

Yanzu takardarka ta shigo hannuna, wani matafiyi ne ya kawo. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofar ɗakin gwaji, da na zo kan sanfefa sai da na nemi kujera. Na sake karantawa sau uku ko idona ne. Baffa, sanfefa? Rabin awa a kan tambarin?

Na kira direba, ya ce motarsa ta lalace a hanya, kwana tara tana garejin wani gari, wasiƙata ta biyu tana cikin akwatin gaban motar. Ashe ba ka gan ta ba. Innalillahi. Da na sani da na kira bakaniken layinku ya zo ya yi maka ihu a kunne.

Don Allah ka gaya mini wasa kake yi, irin tsokanar da ka saba. Ka ce ka rubuta ne don ka tayar mini da hankali. In kuwa gaskiya ne, ka karanta waccan wasiƙar za ka gane abin da ka goge.

Umma tana kwance a gado da bandeji, tana tambayata me Baffa ya ce. Na ce kana gaishe ta.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Allah ya ƙara wa Ummanki sauƙi.

Takardunki biyu tare suka zo, direba ya miƙo mini yana sunkuyar da kai. Ta ƙarshen na fara buɗewa, kuma ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Na ce yarinyar da aka goya a gabana ita ke tambayata ko na san aikina. Har na ɗauko biro zan ba ki amsa mai zafi. Sai na buɗe ɗayar.

Na karanta ta a kan benci a ƙarƙashin rumfa, motar tana gabana. Wallahi ban sani ba. Sau nawa na zo gidanku da safe a rayuwata? Ni dai na san yayana da tsabta da son motarsa, ban san yana da wurin da yake taɓawa ba. Tabo na gani, mai fenti kuma in ya ga tabo hannunsa ba ya shawara da shi.

Duk da haka ban yarda ba. Na ce wa kaina ai sanfefar ba mai kaushi sosai ba ce, ƙila abin bai kai yadda kike tsoro ba. Na durƙusa a wilin baya na hagu, na sa farce a gefe na ja. Gaskiyarki, ta taso gaba ɗaya kamar an cire safa, ko ɗigo ba ta bari ba. Da ma ta bari. Auta, ƙarfen da na sani yana ɗaukar ido ya koma toka-toka, duk zane ne, zagaye a kan zagaye, kowane layi na gane hannuna a ciki. A ƙarƙashin fenti wannan shi ne aiki mai kyau. Ban taɓa ganinsa tsirara a rana ba sai ranar, don a aikina abin da ka goge rufe shi kake yi har abada.

Na kira bakanike. Ya duba ya riƙe baki, ya ce, "Baba, wa ya yi maka wannan ɓarna?" Na ce ya yi mini shiru. Mun gwada man goge ƙarfe, mun gwada injinsa mai auduga. Wilin ya ɗan farfaɗo, ya ce in aka dage za su yi dama-dama. Na tambaye shi tambari fa? Ya ce zai iya samo irinsa sak a wurin masu tsofaffin kayan mota, fari tas. Na ce da yatsan mutum a jiki? Ya dube ni kamar na zautu.

Tambarin ban taɓa shi ba. Sau biyu ina kai farce ina janyewa. Ba sai na buɗe ba, na san abin da ke ciki, ni na yi shi.

Kwana uku ke nan abinci ba ya wuce mini. An ba ni amana, ban sayar ba, ban ara wa kowa ba, ko yaro ban bari ya jingina da ita ba, sai ni da kaina na zauna na lalata ta ina jin daɗi. Ki faɗa mini abin da kike so a yi.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaishe ka, kuma don Allah ka ci abinci. Ka yafe mini zafin waccan takardar. Laifin nawa ya fi yawa, ni na aika wa mai fenti gwangwani na ce ya zauna yana kallonsa. Kalma uku ce, "kada ka goge," da na rubuta tun farko da ba a yi haka ba.

Idon hagu ma ya buɗe. Umma tana karanta allunan kan titi da ƙarfi kamar 'yar makaranta. Likita ya ce ta guji ƙura, ta guji kuka da ɓacin rai na wata biyu. Ta matsa sai ta dawo ranar Asabar ta sama, ni kuma an hana ni hutu, direba ne zai kawo ta har ƙofarka.

Ga shawarata, ban ji daɗinta ba amma ban ga wata ba. Ka ɓare wilin duka, ku goge su iya ƙoƙarinku, ba su ne damuwarta ba. Tambarin ka bar shi a rufe. Na gaya mata an sa masa riga saboda ruwa, kuma ba a cirewa sai damina ta wuce. Kai ma haka za ka ce. In idonta ya yi ƙwari na samu hutu, ni zan zo in gaya mata da bakina.

Abu ɗaya ke damuna. Tun ranar farko na yi ta ba ta labarin yadda robar take ɓaruwa da farce, har tana dariya tana cewa ita za ta ɓare. Kada ka bar ta ita kaɗai da motar.

Auta

*

Auta,

Ummanki ta iso lafiya ranar Asabar da hantsi. Idanunta garau, ta gane ni tun daga bakin layi. Mu ma lafiya.

Ko jakarta ba ta bari an sauke ba ta wuce rumfa. Na riga na janye tampol na wanke motar, wilin kuma mun yi kwana huɗu muna gogewa. Ta zagaya ta a hankali, ta leƙa ciki, ta ce kujerar ta fi yadda take zato tsufa. Wilin ko kallo ba su ishe ta ba. Ta zo gaba ta tsaya.

Na faɗi abin da kika ce in faɗa. Na ce riga ce, sai bayan damina. Ta ce, "Auta ta gaya mini." Sai ta ɗora babban yatsanta a kan robar, daidai wurin, ba ta ko lalube ba. Ta murza sau ɗaya. Ta sake murzawa. Na ga fuskarta ta canja.

Ta ce, "Mai Fenti, ina ramin?"

Mun manta da wannan, ni da ke. Mun yi ta tsoron idonta, alhali hannunta ya fi idon sanin wurin. Hawa shida ba su ɓoye mata komai ba.

Na ce, "Yaya, mu shiga ciki ki sha ruwa."

Ta sa farce a gefe ta ja, robar ta taso mata gaba ɗaya a hannu, baƙa, da siffar tambarin. Ƙarfen ya fito. Ya fi yadda na zata muni, Auta. Duk ya zama launi ɗaya, babu fari babu ruwan ɗorawa, a baje, zanen sanfefa ya fi yawa a daidai wurin. Ta sunkuya ta kai fuskarta kusa, tana kallo da sababbin idanun nan, ta daɗe.

Ban jira ta tambaya ba. Na ce ni ne, na ɗauka tabo ne, na goge. Na ce Auta ta hana, takardarta ce ta makara, ni kuma ban jira ba. Na durƙusa da gwiwar nan tawa a gaban bakanike da direba na ce ta yafe mini.

Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa, har zagi na shirya wa. Ba ta yi ko ɗaya ba, kada ki damu da idon, ko ɗigon hawaye bai fito ba. Cewa ta yi, "Tashi, kai ba yaro ba ne. Na yafe. Gyara ka yi niyya." Ta naɗe robar ta sa a jakarta, don ta ciki wai akwai ɗan alamar zagayen tambarin, ban san me za ta yi da ita ba.

Sannan ta ce in kawo mabuɗi. Na shiga ɗaki na ɗauko na ba ta, ina zaton direba za ta ce ya ja motar a kai gida. Ta juya shi a hannunta, ta kamo hannuna ta sa mini a tafi ta rufe yatsuna a kai.

Ta ce, "Riƙe, taka ce."

Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ki yi mini haka."

Ta ce, "Ba fushi ba ne. Ka wahala a kanta, mota ce mai kyau. Ni dai abin da na ajiye a nan ba ya nan."

Ta shiga motar direba suka tafi, ruwan ma ba ta sha ba. Jiya na je gidan da mabuɗin, ta karɓe ni da fara'a, ta sa aka kawo mini shayi, muka yi hirar asibiti. Da na ajiye shi a kan tabarma zan fito, ta biyo ni har ƙofa ta mayar mini a aljihu.

Mutanen layi sun ji labari, tun safe suke shigowa suna yi mini murna, wai zumunci ya yi rana. Ina amsawa da amin. Na mayar da tampol na rufe ta, ta ƙofar baya nake fita yanzu don kada in bi ta rumfa. Ko tuƙi ban iya ba, Auta. Ki roƙe ta ta karɓa, ko ta yi mini faɗa sau ɗaya.

Baffanki